Bashin da Malam Yahaya Ya Bari

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina zaune a ofis, na tasa wata takarda gaba ina ta juya ta, sai Baba Audu masinja ya shigo ba sallama. Shekara tara muna tare, ban taɓa ganin ya shiga ɗaki bai yi sallama ba. Ya tsaya a gaban teburin da ke fuskantar nawa, wanda tun Juma'a ba a zauna a kujerarsa ba, ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo ya ce, "Malam Garba, sai haƙuri. Malam Yahaya lokaci ya yi. Yanzu aka bugo waya daga asibiti. Bayan azahar za a yi masa sutura a gidansa na Unguwar Dosa."

Na yi ta maimaita innalillahi, sannan na naɗe takardar da ke gabana na sa a aljihu. Takardar barin aiki ce. Tun makon da ya gabata na rubuta ta, ina jira Malam ya samu sauƙi ya dawo in miƙa masa, don na gaji da albashin da ba ya kai mu tsakiyar wata, ga shi surukina ya yi mini tayin zama a shagonsa na kayan gini. Na faɗi wannan tun farko don kada mai karatu ya zaci wani jarumi ne ke rubutu. Ranar da Malam ya rasu, ƙafata ɗaya ta riga ta fita daga aikin.

Malam Yahaya shi ne shugaban sashenmu, ɗan ƙaramin sashe mai tebur huɗu da kabad biyu, inda ake ajiye takardun rancen da gwamnati ta ciwo daga ƙasashen waje. A duk faɗin ginin ba a faɗin sunansa sai an haɗa da laƙabi: Malam Yahaya Sai-Na-Gani. Ba ya sa hannu a kan takardar da ta ce an kawo kaya sai ya tashi ya je ya gan su da idonsa, ko da tsintsiya ce. A makona na farko wani ɗan kwangila ya kawo kujerun ɗakin taro guda ashirin. Malam ya sauko ƙasa da takardar a hammata, ya ƙirga su, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zama yana jijjigawa. Ɗan kwangilar ya ce, "Haba Malam, ai kujera kujera ce." Malam ya ce, "Shi ya sa nake zama, Alhaji, in tabbatar." Ni kuwa ina gefe kunya kamar ta kashe ni, ina cewa a raina an haɗa ni aiki da mutumin da zai tsufar da ni kafin lokacina.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kuma ban ɓoye masa ba. Nakan yi tsaki in ya mayar da takarda, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Garba, sa hannu rantsuwa ce, sai dai da tawada ake yin ta." Na ɗauka irin maganar dattawan ofis ce, wadda suke yi don su ja rai. Sai da na shekara biyu a ƙarƙashinsa na san inda maganar ta samo asali.

Wata Asabar da safe ya zo gidana a Unguwar Sarki a kan tsohuwar Besfarsa, ya ce in hau. Muka wuce Malali, muka bar kwalta, muka tsaya a wani fili da aka kewaye da waya. Maigadin wurin ya gaishe shi kamar mai gaida maigidansa, daga baya ne na gane daga aljihun Malam ake biyansa kuɗin nome ciyawa. A cikin filin akwai manyan akwatunan katako, kowane ya kai tsayin mutum, an lulluɓe su da tamfol. Malam ya ce in ƙirga. Na ƙirga arba'in. Ya zaro takarda daga aljihu ya nuna mini, an rubuta injinan jawo ruwa sittin, kowane da famfonsa da bututunsa, na ƙauyuka sittin. Ya sa maigadi ya ɗaga murfin wani akwati. Inji ne sabo fil, amma ba famfo, ba bututu, jiki ba kai. Duka arba'in ɗin haka suke.

Ya ce, "Duba ƙasan takardar." Na duba, na ga sa hannunsa.

Muka zauna a inuwar akwatin ya ba ni labari. A shekarun da kuɗin fetur ke shigowa kamar ba za su ƙare ba ne, shi yana ƙaramin jami'i. Ranar Juma'a ce, ana shirin tafiya masallaci, shugabansa na lokacin ya turo masa takardar shaidar karɓar kaya, ya ce a sa hannu yanzu don da yamma za a tafi da ita Legas. Malam ya ce bai ga kayan ba. Shugaban ya ce suna tashar jirgin ƙasa, Litinin ya je ya gani. "Garba, sa'an mahaifina ne," in ji shi. "Na ji kunyar yin musu da babba, ga ladan ya fara kira. Na sa hannu na tafi salla." Da wannan takardar bankin waje ya saki kuɗin ga kamfanin da ya aiko da kayan. Kamfanin ya daɗe da rushewa, shugaban ya rasu, amma bashin yana nan, yana haihuwar kuɗin ruwa kowace shekara.

Duk wanda ya yi zamani a garin nan ya san abin da ya biyo baya. Farashin fetur ya faɗi, aka karya darajar naira, bashin da aka ci da dala ya kumbura ba tare da an ƙara cin ko sisi ba. Kafin kason wata da gwamnatin tarayya ke turowa ya iso mana an riga an zare na masu bi. Malaman makaranta suka riƙa yin wata da watanni ba albashi, a asibiti a rubuta maka magani ka fita waje ka nema, mata suka yi ta layin madara da sabulu tun sassafe. Mu da muke zaune da takardun mun san ta inda kuɗin ke zurarewa, kuma mun san wani ɓangare na abin da ake zarewa na waɗannan akwatuna ne da ba su taɓa jawo ko kofin ruwa ba.

A ofis in maganar ta taso, mutane sukan ɗaga kafaɗa su ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Malam yakan ce, "Hanji ne, amma ranar da ya kumbura ya fi ƙarfin ciki, ba karin magana ake nema ba." Bai taɓa cewa cin bashi laifi ne ba. Yakan ce manomi ma yana cin bashin iri ya biya da kaka, amma in biyan zai sa ya sayar da garma da shanun huɗa, to baɗi da me zai biya? Mai bi in yana da hankali ba ya karɓe garmar wanda yake bi. Ni kuwa da zafin kaina nakan ce mu ƙi biya kawai, su zo su ɗauke ƙasar in za su iya. Sai ya girgiza kai ya ce wanda ya ci bashi ya yi gardama, gobe ko allura ba mai ara masa. Abin da muka ci mu biya, abin da ba mu gani ba a soke, sauran kuma a sassauta mana lokaci yadda ba sai an rufe makaranta an biya ba. Ya ce amma ba a soke bashi da kuka, sai da shaida.

Shaidar ce ya kwashe shekaru yana tarawa, kuma tun daga ranar nan ya sa ni a ciki ba tare da ya tambayi ra'ayina ba. Kusan kowace Asabar muna kan Besfa, muna bin ƙauyukan da aka rubuta sunayensu a takardar. A kowane ƙauye ya gaida dagaci, ya nemi a nuna masa inda mutane ke ɗiban ruwa, ya sa a rubuta cewa ba inji da ya taɓa zuwa, dattawa su dangwala yatsa. Wani dagaci ya taɓa tambayarsa, "Wato Malam, an ci bashi da sunanmu, kuma muna cikin masu biya?" Malam ya ce haka ne. Dagacin ya ce a kawo mana ruwa mu sha. Aka kawo a ƙwarya, ja wur kamar an dama ƙasa. Na so in ce ina azumi. Malam ya kafa kai ya shanye nasa, ya miƙo mini sauran, ya tsare ni da ido har na sha. Bayana bai daina ciwon hanyoyin nan ba har yau, kuma na yi masa mita a kan kowane rami da muka faɗa.

Ana cikin haka takarda ta zo daga Legas cewa an kafa kwamitin tantance basussuka kafin a zauna da masu bi, kowane ofis ya aiko da abin da yake da shi, aka sa rana. Malam ya haɗa fayil ɗinsa. A shafin farko ya sa takardar nan mai sa hannunsa, a na biyu ya rubuta da hannunsa cewa ya sa hannu bai ga kayan ba, ya faɗi rana da dalili.

Daraktanmu ya kira mu gidansa a Unguwar Rimi wata Lahadi bayan la'asar. Ba ɓarawo ba ne, kuma ba na son a ɗauka haka. Mutum ne da ke son ya gama aikinsa lafiya kowa ya gama nasa lafiya. Ya ce, "Yahaya, ka cire shafi biyun nan. Saura wata bakwai ka yi ritaya. In suka je, ba kamfanin da ya mutu za a kama ba, kai za a kama. Kuɗin sallamarka da fanshonka za a fara riƙewa." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, masu bi suna da kwafin takardar. In muka ce kaya ba su zo ba, ita za su ɗaga mana. Ba abin da zai karya ta sai wanda ya sa mata hannu. In na cire, fayil ɗin ya zama ƙorafi." Darakta ya ce shi dai ya faɗi nasa.

A hanyar komawa na ɗora daga inda Darakta ya tsaya. Na ce masa yana da 'ya'ya bakwai, babbansu Nasiru bai gama karatu ba, na ce laifin na wanda ya matsa masa ne, na ce mutum ɗaya ba zai gyara ƙasa ba. Har muryata ta fara tashi. Ya tsayar da Besfa a gindin wani mangwaro kusa da gidana, ya kashe ta, bai juyo ba ya ce, "Garba, ranar da aka shimfiɗe ni a ƙofar gida, liman zai tambaya ko akwai mai bina bashi. Masu bina ba za su zo ba. Wasu ba su san ni ba, wasu ba a haife su ba tukuna. To shirunsu ba yafiya ba ne." Na sauka na shiga gida ko sai da safe ban yi masa ba.

Juma'ar da ta biyo baya ya ce kansa na sarawa. Kafin ya tafi ya ajiye mabuɗin kabad a kan teburina, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in riƙe kafin Litinin. Asabar ya faɗi, aka ce hawan jini ne. Talata ya cika, saura kwana goma sha biyu a rufe karɓar takardu.

Jama'ar da ta taru a Unguwar Dosa ta cika layin har bakin titi. Da aka fito da shi aka ajiye, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi wa kowane mamaci kafin a sallace shi: duk mai bin Malam Yahaya bashi ya faɗa, ko ya yafe, ko wani ya ɗauki nauyin biya. Mai shagon unguwar ya ce ranar Alhamis ya biya shi kuɗin sukari. Maigadin filin nan, wanda ban san wa ya kai masa labari ba, ya ce shi ma an biya shi har ƙarshen damina. Liman ya sake tambaya. Ya tambaya na uku. Ina tsaye a sahu na biyu, mabuɗi a aljihun dama, takardar barin aiki a na hagu. Na dubi Nasiru da ƙannensa a jere, ƙaramin ko takalmi bai sa daidai ba, na tuna kuɗin sallamar nan su ne abincinsu da karatunsu. Na yi shiru. Liman ya ce, "Alhamdu lillahi, ya tafi ba nauyin kowa a kansa." Aka ta da salla, ni kaɗai a wurin na san ba haka mai gawar ya ɗauka ba.

Kwana uku ban ji daɗin abinci ba. Na ce wa kaina rufa wa marayu asiri nake yi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma akwai tsoro ma, da son in miƙa takardata in tafi shago ba wanda ya kira sunana a bincike. Bayan sadakar uku, da jama'a suka ragu, na roƙi Nasiru ya nema mini iso wurin mahaifiyarsa, Hajiya Asabe. Tana takaba, don haka ta zauna a bayan labule, mu muna tsakar gida a kan tabarma. Na yi gaisuwa, na fara kewaye-kewaye, ina cewa akwai wata takarda, akwai wata matsala, ban san ko sun sani ba.

Ta katse ni ta ce, "Malam Garba, shekara nawa kake zaton na yi ina wanke jar ƙasar ƙauyukan nan daga rigunansa? Ya gaya mini kafin ya gaya maka. Ya ce in ya riga takardar tafiya kai za ka zo, kuma za ka zo kana inda-inda."

Duk da halin da ake ciki sai da Nasiru ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce, "Hajiya, in ta tafi za a iya riƙe kuɗin sallama. Ban san har yaushe ba. Watakila ma a hana gaba ɗaya."

Hajiya ta ce, "Ina da keken ɗinki, gidan kuma namu ne. Za mu sha wuya, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma kuɗin da za a ba mu don mun ɓoye takardarsa, ba zan dafa wa 'ya'yansa su ba, shi yana can da nauyi a wuya. Nasiru, kai ne babba, ka faɗi naka."

Nasiru ya ce, "Baba Garba, a kai."

Darakta ya ƙi sa hannu a takardar rakiya, ya ce shi ba ya hanawa kuma ba ya sawa. Ka'ida ta ba mai riƙon sashe damar aikawa, ni ne kuma mai riƙo. Na ɗauki biro, sai na tuna rantsuwa ce zan yi da tawada. Na ajiye, na hau mota zuwa filin nan, na sa maigadi ya yaye tamfol, na ƙirga akwatunan da kaina, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya har arba'in. Sannan na dawo na sa hannu a ƙarƙashin na Malam. Ban yarda da gidan waya ba, na kai fayil ɗin Legas da kaina, ban bar ofishin ba sai da aka buga mini hatimin karɓa, saura kwana biyu a rufe.

Yau kwana arba'in da rasuwar Malam. Abin da Darakta ya faɗa ya tabbata, an riƙe kuɗin sallama har sai an gama bincike. Hajiya tana ɗinki, Nasiru ya fara koyarwa da yamma, mu 'yan sashen muna haɗa abin da ya samu a ƙarshen wata, kuma bai kai ya kawo ba. Daga Legas ba amsa tukuna. Ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa za a soke bashin nan ba, don ban gani ba, kuma wanda ya koya mini aiki ya hana ni shaidar abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne na ba surukina haƙuri, takardar barin aikin kuma na yaga ta. Akwai wasu fayiloli goma sha ɗaya a kabad ɗin nan, kowane da nasa rancen, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ga abin da suka saya. Nasiru ya ara mini Besfar. Na rubuta wa kwamitin takardar tuni sau biyu, zan rubuta na uku ranar Litinin, kuma zan ci gaba har su gaji da ganin sunana.

Ranar jana'iza liman ya tambaya sau uku na yi shiru. Ga amsata a gaban duk wanda ya tsaya a sahun nan, ko da ta makara: akwai bashi a kan Malam Yahaya, na mutanen ƙauyuka sittin da 'ya'yansu, shi da bakinsa ya amsa shi, ya kuma biya iyakar ƙarfinsa. Abin da ya rage ni Garba na ɗauka.

Ya Allah, bawanka ya yi kuskure sau ɗaya don kunyar babba, ya ƙarar da sauran ƙarfinsa yana gyarawa. Ka sauke masa nauyin da ya tsorata da shi, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi ruwan da ya so wa mutanen ƙauyukan nan. Ka ba Hajiya Asabe da Nasiru da ƙannensa haƙuri, Ka buɗa musu ta inda ba su zata ba, kada Ka bar su su yi nadamar abin da suka zaɓa. Mu kuma da muka rage da biro a hannu, Ka ba mu ikon cika abin da muka ɗauka kafin ranar da za a shimfiɗe mu a yi tambayar a kanmu. Amin.